Yadda zaka gane wace ƙasa ce tafi riƙe kabon: gona, makiyaya ko kurmi

Duk sanda aka ɗauko maganar kabon, wato sinadarin da ke gina jikin duk wani abu mai rai, da sauyin yanayi sai kaga idon mutane ya tafi sama, kan bishiya da ganye, alhali babbar ajiyar tana nan ƙarƙashin tafin ƙafa. Mita ɗaya na saman ƙasar duniya yana riƙe da kabon ɗin ruɓaɓɓun tsirrai wajen tan biliyan 1,500, wanda yafi na cikin iska da na jikin duk tsirran duniya in ka haɗa su waje guda. Kuma wani bincike da ya fito a 2017 ya ƙiyasta cewa tunda ɗan Adam ya fara noma da kiwo, shekara 12,000 kenan, ƙasa tayi asarar kusan tan biliyan 116. Abun da yake damuna shine yadda ake yanke hukunci da ido kawai, a ga waje yayi kore shar ace ai nan kabon ya cika, a ga fili na ciyawa ace wannan banza ne a zo a dasa itatuwa. Ido baya ganin kabon ɗin ƙasa. Sai an tona an auna, kuma awon ba wani abun tsoro bane, ɗalibi zai iya, malamin gona zai iya, manomin da yake da haƙuri shima zai iya in dai ya samu ɗakin gwajin da zai kai samfur.

Kafin ka ɗauki shebur ka fara fahimtar yadda abun yake shiga da yadda yake fita. Tsiro yana jan iskar kabon dayoksaid da hasken rana ya gina jikinsa, ganye ya faɗo, saiwa ta mutu a cikin ƙasa, ita kanta saiwar tun tana raye tana tsattsafo da wani ruwa mai zaƙi da ƙananan halittun cikin ƙasa suke ci. Su waɗannan halittun, harda gara da tana, suna cinye abun da ya faɗo suna numfasar da mafi yawansa ya koma iska, ɗan abun da ya rage, musamman gawarwakin su ƙananan halittun, shi yake mannewa a jikin laka ya zauna shekaru gommai har ɗaruruwa. Kaman randa ce mai yoyo, ana zubawa ta sama tana ɗiga ta ƙasa, iya ruwan da zaka tarar a ciki ya danganta da yawan zubi da girman hudar. Zafi da danshi da iska suna ƙara ɗigar, dan haka a ƙasashe masu zafi abu baya daɗewa yake ruɓewa ya tafi. Sanyi ko ruwan da ya kwanta ya hana iska shiga suna rage ta. Laka tana riƙewa, yashi baya riƙewa sosai, wannan kam ka sa shi a ranka dan zamu dawo kansa.

Me ya kamata ka sa ran gani

Yana da kyau ka san abun da masu bincike suka riga suka gano dan in lissafinka ya fito a karkace ka gane da wuri.

Kurmi dai a ƙasashe masu zafi da ruwan sama yawancin kabon ɗinsa a jikin itacen yake, fiye da rabi, ƙasar bata kai haka ba. A dazukan can arewacin duniya masu sanyi irin na Rasha da Kanada abun a juye yake, wajen kashi 60 cikin ɗari a cikin ƙasa yake. Ciyawa kuwa ita ce ake rainawa, kuma gaskiya ba'a mata adalci. A sama bata da wani abun a zo a gani amma ƙarfinta duk a saiwa yake, saiwoyi sirara masu yawan gaske da suke mutuwa suna sake fitowa duk shekara a cikin ƙasar kanta, kuma kabon ɗin da ya shiga ta saiwa yafi daɗewa akan wanda ya faɗo ta sama. Shi yasa tsohuwar makiyaya da ba'a taɓa sa mata garma ba, tana iya yin kafaɗa da kafaɗa da kurmi in dai ƙasa kaɗai ake aunawa. Gonar da ake nomewa duk shekara a kwashe amfani a kwashe kara a barta tsirara har wata damina, ita ce ta baya a mafi yawan lokuta.

Akwai wasu masana biyu, Guo da Gifford, da a 2002 suka tattara sakamakon bincike masu yawa daga ƙasashe daban daban suka fitar da matsakaici. In aka mayar da makiyaya gona kabon ɗin ƙasa yana raguwa da kashi 59 cikin ɗari, kurmi na asali zuwa gona kashi 42. In kuma aka juya, gona ta koma makiyaya ƙarin kashi 19 ne, gona ta koma daji da kanta kashi 53. Abun da yafi ɗaukar hankalina a ciki shine kurmi zuwa makiyaya ƙasar bata yi asara ba, har ɗan ƙarin kashi 8 aka gani, sannan makiyaya da aka mayar gandun dashen itatuwa ta ragu da kashi 10. Kar wani ya fahimce ni a baibai, sare kurmi asara ce babba saboda itacen kansa ya tafi da kabon ɗinsa, maganar ƙasa zalla nake yi anan. Kuma ka lura kashi 59 na raguwa da kashi 19 na ƙaruwa ba ɗaya bane, fita da sauri take, dawowa kuwa sai a hankali.

Sai dausayi, wanda shi babinsa daban ne. Akwai irin ƙasar da ake kira fit, tsirrai ne da suka mutu cikin ruwa basu gama ruɓewa ba suka yi ta taruwa shekaru dubbai. Bata wuce kashi 3 cikin ɗari na faɗin doron ƙasa ba amma kabon ɗin da ke cikinta yafi na jikin itatuwan dazukan duniya gaba ɗaya. A tsakiyar kwarin kogin Kwango kaɗai, binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna akwai wajen tan biliyan 30. Dazukan mangurof, itatuwan da ke fitowa cikin taɓon ruwan gishiri a bakin teku, suma haka, a yankin tekun Indiya da Fasifik an auna wajen tan 1,000 a hekta ɗaya, yawanci a cikin taɓon. In kana son ganin abun da ke faruwa in aka janye ruwan irin wannan ƙasa, a Holme na ƙasar Ingila an kafa wani ginshiƙin ƙarfe a tsakiyar ƙarni na 19 aka nutsa shi har kansa yayi daidai da ƙasa, yau ginshiƙin yana tsaye wajen mita 4 a sama, ƙasar ce ta motse ta ruɓe ta bi iska. A Indunusiya kuma wuta ce ta riƙa kama busasshiyar fit ɗin, kaman a 1997 da 2015, tana ci ta ƙarƙashin ƙasa makonni.

Zaɓen wajen da zaka gwada

Anan gizo yake saƙa, kuma anan yawancin aiki yake lalacewa tun ba'a je ko'ina ba. Kana so ka san tasirin yadda ake amfani da ƙasa, toh dole sauran abubuwa su zama iri ɗaya. In ka ɗauki gona akan tudu mai yashi ka gwada ta da ciyawar da ke kwari mai laka, laka da yashi ka auna, ba noma da kiwo ba. Nemi filayen da suke maƙwabtaka, gangare ɗaya, kalar ƙasa ɗaya, in ka jiƙa ka murza a hannu kaji laushinsu ɗaya. Gwajin hannun nan ka yi shi da gaske: ɗebi ƙasa cikin tafin hannu, ɗiga ruwa kaɗan kaɗan, mulmula ta, sai ka matse tsakanin babban yatsa da manuniya. In tana ƙaiƙayi tana wargajewa yashi yayi yawa, in ta miƙe tayi tsawo bata karye ba tana sheƙi laka ce. Filayen da zaka haɗa su bada amsa iri ɗaya.

Sannan ka tambayi tarihin wajen. Shekara nawa ana noma nan, me ke wajen kafin nan, ana zuba taki ko ba'a zubawa, ana sa wuta ko a'a. Fili da aka sare shekara uku da suka wuce har yanzu yana cin gadon dajin da ke wajen ne, bai nuna maka ainihin halin gona ba tukuna. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, yana ɗaukar shekara 20 a matsayin lokacin da ƙasa take komawa sabon matsayi bayan an canza amfani da ita, kuma a wajen sanyi yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Manomi ma ai ba wawa bane, tun farko waje mai kyau yake zaɓa ya nome ya bar marar kyau ga daji, dan haka in ka ga daji yana da ƙarancin kabon akan gona kar ka yi saurin cewa noma ne ya ƙara.

Ɗibar samfur

Kayan aiki ba su da yawa: shebur ko ƙarfen haƙa samfur, bokitin roba mai tsabta, tef na awo, leda mai ƙarfi, maka ta rubutu, wuƙa, guntun bututun ƙarfe, katako da guduma, sai waya mai GPS dan ka ajiye lambar wajen.

Rami ɗaya baya wakiltar fili, ko taku biyar ka matsa lamba zata iya canzawa. A kowane fili ka zaga ka ɗiba a wurare 10 zuwa 15 kana tafiya a karkace daga wannan gefe zuwa wancan, ka haɗa su a bokiti ka cakuɗa sosai ka ɗebi kaman rabin kilo. Ka guji bakin hanya, gidan tururuwa ko suri, inda aka tara taki, inda aka ƙona kara, da inda dabbobi suke kwana. In filin akwai bishiyoyi jefi jefi, ka raba aikin biyu, na ƙarƙashin inuwa daban na fili daban, saboda bambancinsu yana da yawa kuma shine ma abun da kake son gani. In akwai kunya da kwari ka ɗiba daga duka biyun daidai wa daida. Kuma in son samu ne kowane irin amfani ka samu filaye uku ko fiye, gona uku, makiyaya uku, daji uku, dan gona ɗaya labarin mai ita kaɗai take bayarwa.

Kafin ka haƙa ka share busasshen ganye da ciyawar sama da hannu, kar ka kankare ƙasar. Maganar zurfi kuma, mafi ƙaranci santimita 30, shine ma'aunin da IPCC take amfani dashi, amma ka raba shi hawa hawa: 0 zuwa 10, 10 zuwa 30, in da hali ka ƙara 30 zuwa 60 har zuwa 100. Ni dai shawarata duk wanda zai gwada ciyawa da kurmi ko gonar da ake huɗa da wadda ba'a huɗa, ya daure ya sauka ƙasa. Jobbágy da Jackson sun nuna a shekarar 2000 cewa cikin kabon ɗin mita ɗaya, santimita 20 na sama yana ɗauke da rabi a kurmi, kashi 42 a filin ciyawa, kashi 33 kacal a filin ƙananan itatuwa. Kaga kenan wanda ya tsaya a sama ya bar rabin labarin ko fiye a binne. Kowane hawa da bokitinsa da ledarsa, ka rubuta suna a jikin leda ka kuma jefa wata takarda da fensir a ciki dan maka tana gogewa.

Nauyin ƙasa, abun da ake yawan tsallakewa

Ɗakin gwaji zai baka kashi cikin ɗari ne kawai, shi kuma wannan baya gaya maka tan nawa ne a hekta sai ka san nauyin ƙasar da ta cika wani mazubi da ka san girman cikinsa. Yadda ake yi: ka samu bututun ƙarfe mai faɗin baki santimita 5 tsawo santimita 5, ka wasa gefe ɗaya. Cikinsa yana cin santimita kubik 98. Haƙa rami ka gyara bangonsa ya miƙe, ka ɗora bututun a tsakiyar hawan da kake so, ka sa katako a kai kana bugawa a hankali har ya nutse, kar ka wuce dashi ya danne ƙasar ciki. Sai ka tono shi ta gefe da wuƙa ka ɗago shi da ƙasarsa, ka aske sama da ƙasa su yi daidai da bakin ƙarfe, in wani ɓangare ya zube ka watsar ka sake wani, kar ka cika da hannu. Juye duka a leda ko ƙwaya kar ta faɗi. Za'a busar da ita a oben akan zafi digiri 105 har nauyinta ya daina raguwa, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu, sannan a ɗora a sikeli. In ta bada giram 137, ka raba da 98, ka samu 1.4, wato giram 1.4 a kowane santimita kubik. Wannan shine nauyin ƙasarka, kuma yawancin ƙasa tana faɗawa tsakanin 1.0 da 1.7, fit kuwa can ƙasa take sosai. Ka yi uku a kowane hawa ka ɗau matsakaici.

Shi kuma wancan samfur ɗin na bokiti a inuwa zaka shanya shi akan takarda, ba'a rana ba kuma ba'a oben mai zafi ba, ka murƙushe ka tankaɗe da rariya mai ido milimita 2, ka tsince saiwoyin da ido ke gani. Tsakuwar da ta rage a rariya kar ka zubar, ka auna ta, saboda dutse baya ɗauke da kabon ɗin da muke nema kuma sai an cire kasonsa a lissafi.

A ɗakin gwaji ka tambaye su wace hanya suke bi. Mafi inganci ita ce na'urar da take ƙona samfur da zafi mai tsanani ta auna iskar da ta fita. Akwai tsohuwar hanyar Walkley da Black ta 1934 wadda ake yi da sinadarai, tafi sauƙin samu amma bata kamo kabon ɗin duka, sai an ninka da wata lambar gyara, ka tambaya ko sun ninka. Akwai kuma ta toya ƙasa a ga nauyin da ya ragu, wannan a ƙasa mai laka tana kumbura lamba saboda ruwan da ke maƙale a jikin laka shima yana fita a lissafa dashi. Duk wadda ka zaɓa ka tsaya akanta, ɗakin gwaji ɗaya hanya ɗaya ga duk samfuran. In ƙasarka ta busasshen yanki ce mai farar ƙasa a ciki, ɗiga mata asid marar ƙarfi, in tayi kumfa ka gaya musu su cire wannan kabon ɗin na dutse kafin su ƙona, in ba haka ba lamba zata kumbura a banza.

Sai ka duba takardar sakamako da kyau. Wasu suna rubuta yawan ruɓaɓɓen abu ne gaba ɗaya ba kabon ba, toh kabon wajen kashi 58 cikin ɗari ne na wannan, sai ka raba da 1.724, misali 2 ya koma 1.16. Wasu kuma giram a kilo suke rubutawa, giram 10 a kilo shine kashi 1 cikin ɗari.

Lissafin

Kason kabon, sau nauyin ƙasa, sau kaurin hawa a santimita, abun da ya fito tan ne a hekta. Shikenan. In akwai tsakuwa, misali ta cinye kashi 20 na wajen, ka ƙara ninkawa da 0.8. Kowane hawa ka lissafa shi daban sannan ka tara.

Bari mu ɗau misali da lambobin da na ƙirƙira dan koyo kawai. Gona: kabon 0.6, nauyi 1.5, zurfi 30, ya bada tan 27 a hekta. Makiyayar da ke gefenta: 1.1 sau 1.3 sau 30, tan 42.9. Tazarar kusan tan 16 ce, in kana so ka san iskar kabon dayoksaid nawa kenan ka ninka da 3.67, wajen tan 58 a kowace hekta.

Akwai wani tarko anan da yake kama har masu digiri. Ka ɗauka ƙasa tana da kabon kashi 1, nauyi 1.2, a santimita 30 tan 36 kenan. Sai tarakta ko kofaton shanu suka daddanne ta nauyi ya koma 1.5, kason kabon bai motsa ba, amma lissafi zai baka tan 45. Mutum sai ya fita yana murna wai ya ƙara tan 9 alhali ƙasar lalacewa ma tayi, kawai dai ƙasa mai yawa ce ta cusu a cikin santimita 30 ɗin. Maganinsa ka gwada nauyi da nauyi: ta farko tan 3,600 na ƙasa ce a hekta (1.2 sau 30 sau 100), dan haka a dannanniyar ma iya tan 3,600 zaka lissafa, wanda ya tsaya a santimita 24. Wannan na cikin dalilan da yasa nace a raba hawa hawa.

Toh ka samu lamba, sai me

In sakamako ya nuna maka waje mai kabon da yawa, tsohuwar makiyaya ce ko kurmi ko dausayi, aikin farko shine ka ƙyale shi yadda yake. Babu wata dabarar noma da zata mayar maka a shekara goma abun da garma ko magudanar ruwa zata fitar a shekara biyar. Kuma dan Allah a daina ɗaukar kowane fili marar bishiya a matsayin wajen da ke jiran dashe. Wani bincike a Amurka a 2002 ya gano cewa inda itatuwa suka mamaye filin ciyawa, wuraren da ruwan sama ke da yawa asarar kabon ɗin ƙasa suka yi, busassun wuraren ne suka ƙaru. A Sikotilan ma an bi wasu filaye masu ƙasa mai kabon da aka dasa wa itatuwa, bayan shekara 12 da shekara 39 ba'a ga ribar komai ba in an haɗa na sama da na ƙasa. Bishiya a gonar da ta gaji ko a inda dama kurmi ne aka sare, wannan alheri ne babu ja.

In kuma gona ce ta fito da ƙaramar lamba, hanya biyu ce, ƙara abun da ke shiga da rage abun da ke fita. Ka bar kara da ganye a gona gwargwadon iko, ka daina cinna musu wuta, na san dabbobi ma suna buƙata, toh ko kashi ɗaya cikin uku aka bari yafi babu, takinsu kuma ya dawo gonar. Ka sa ƙasa ta kasance da saiwa mai rai tsawon lokacin da zai yiwu, shukar rufe ƙasa bayan girbi an auna tana ƙara wajen tan 0.3 a hekta duk shekara a matsakaici. Ka riƙa sa dangin wake a juyin shuka, saboda kabon baya zama shi kaɗai, kowane tan ɗaya da zai zauna a ƙasa yana tafiya da kilo 80 zuwa 100 na naitirojin, ƙasar da ke jin yunwar naitirojin bazata tara komai ba. Bishiyoyi a cikin gona suna taimakawa sosai, irin gawo da yake zubar da ganye da damina baya tare wa shuka rana, kuma a kudancin Nijar manoma sun raya itatuwa daga tsofaffin kututture a fili wajen hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980 ba tare da dashe ba. Gawayin da ake niƙawa a zuba a gona yana daɗewa ƙwarai, baƙar ƙasar da mutanen can baya suka bari a yankin Amazon har yau tana nan da gawayinta, sai dai ayi shi da ragowar amfanin gona, kar a sare daji dominsa. A makiyaya kuwa hutu ne magani, a bar ciyawa ta farfaɗo kafin a dawo da garke.

Noma ba huɗa yana da amfani wajen hana zaizaya da riƙe danshi, amma a maganar kabon an zuzuta shi fiye da kima, da aka auna har ƙasa sai aka ga sau da yawa kabon ɗin taruwa yayi a sama ya ragu a ƙasa, jimillar bata wani canza sosai ba. Taki ma a faɗi gaskiya, in daga wani fili aka kwaso abincin dabbar toh kabon aka ɗauke daga can aka kawo nan, gonarka ta amfana amma ba lallai duniya ta rage hayaƙi ba.

Sannan ƙasa tana ƙoshi. A Rothamsted ta Ingila akwai gonar alkama da ake gwaji akanta tun 1843, wani yanki ana zuba masa takin dabbobi tan 35 a hekta duk shekara, kabon ɗinsa ya ninka fiye da sau biyu akan wanda ba'a zubawa, amma yawancin hawan a shekarun farko aka yi shi, daga baya sai ya riƙa lafawa. A gonar sha'ir ta wajen kuma an zuba taki daga 1852 zuwa 1871 aka daina, kabon ya riƙa sauka, duk da haka bayan shekara sama da ɗari yankin yafi wanda bai taɓa ganin taki ba. Ƙasa mai yashi tana ƙoshi da wuri akan mai laka, kar ka sa mata buri irin na laka ka zo kana jin haushi.

Kar ka koma awo bayan shekara ɗaya kana neman canji. Shirin nan na ƙara kabon ɗin ƙasa da kashi 4 cikin 1,000 duk shekara da Faransa ta ƙaddamar a taron yanayi na Paris a 2015, in ka lissafa shi akan fili mai tan 40, kilo 160 ne kacal a shekara, wanda bambancin rami da rami ma ya shanye shi. Ka bada shekara biyar aƙalla, ka koma daidai wuraren da GPS ya ajiye maka, a irin lokacin da ka ɗiba na farko, zai fi kyau bayan girbi kafin a zuba taki, da zurfi ɗaya da ɗakin gwaji ɗaya, ka sake auna nauyin ƙasa sabo kar ka ɗauko tsohuwar lamba. Ragowar busasshen samfur na farko kuma ka zuba a kwalba mai murfi ka rubuta kwanan wata da zurfi ka ajiye inda babu danshi, in lokacin ya zo sai ka kai tsoho da sabo a gwada su rana ɗaya a na'ura ɗaya.